Azariya Mai Aski da Tsofaffin Asabar

Azariya a hannun kawunsa ya koyi aski, a wani ɗan shago kusa da layin dogo a Kafanchan, kuma har yau a nan yake. Ba shi da yawan magana. Matarsa Tamar takan ce almakashinsa ya fi shi surutu.

Ranar da Sista Hellen, nas ɗin da suke coci ɗaya, ta gayyace shi ƙungiyarsu ta sa-kai, dariya ya yi. Malaman makaranta ne da ma'aikatan gwamnati a ciki. Suna gyara rijiyoyi, suna ba da jini a asibiti, ran Asabar kuma su kai wa tsofaffi masara da sabulu. Shi me zai kai?

"Kai dai ka zo," in ji ta.

Fitarsa ta farko gidan Baba Simon suka je, tsohon ma'aikacin reluwe da matarsa ta rasu, 'ya'ya duk suna Legas. Da tsohon ya ji an dire buhu, sai ya ɗaure fuska.

"Ku ɗauke abinku. Ni ban roƙi kowa ba."

Azariya kuwa gashin tsohon yake kallo, duk ya cukurkuɗe. Ya rusuna.

"Baba, gobe Lahadi. In ɗan rage maka?"

Aski ba sadaka ba ne, sai tsohon ya yarda. Azariya ya je ya ɗauko kayan askinsa, aka fito da kujera gindin mangwaro. Ana cikin yi baki ya buɗe, ya shiga labarin zamanin da jirgin Fatakwal ke cika tasha da 'yan talla. Da Azariya ya miƙa masa madubi, sai ya ture shi a hankali.

"Ajiye, ɗana. Tun bara dishi-dishi nake gani. Shi ya sa na daina fita."

Ko 'ya'yansa bai gaya wa ba. Sista Hellen ta duba, ta ce yanar ido ce. Ƙungiya ta kai shi Kaduna aka yi masa aiki. Ido ɗaya ya buɗe, ɗayan an makara. Da idon nan ya koma coci, ya kuma ga jikarsa Regina a kayan amarci kafin ya rasu. 'Ya'yansa suka roƙi Azariya ya yi masa askin ƙarshe, ya yi.

Tun daga lokacin yake rufe shago da safiyar Asabar, ranar da ciniki ya fi, ya ɗaura jaka a bayan babur, wani lokaci har ƙauyukan Zonkwa. Ya lura tsoho ya fi sakin abin da ke ransa idan mai sauraro na tsaye a bayansa, ba ido cikin ido ba. Abin da ya shafi lafiya yakan nemi izini ya kai wa Sista Hellen. Sauran ya bar wa cikinsa.

Kwanan baya wata tsohuwa, Mama Milka, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Maza kawai ne ke da kai? Mu fa, wa zai yi mana kitso?"

Ya kai wa Tamar maganar, tunda ta iya kitso. Ta ce za ta duba, amma ya ga ta sayo sabon mataji.