'Yar To a Ɗakin Injina

Sunanta na gaskiya yana nan, amma ko a gida sai an yi tunani kafin a tuno shi. 'Yar To ake kiranta. Tana ƙarama mahaifinta ya rasu, Kawu ya ɗauke ta riƙo. Ba wanda ya taɓa ɗaga mata hannu a gidan, a yi wa mutane adalci. Ita ce dai ta sa wa ranta tun da wuri cewa ɗan riƙo ba ya tambayar "wanne?" Ɗauko kaza, to. Mayar da shi, to. Ko ba ta ji abin da aka ce ba sai ta ce to, ta fita ta tsaya bayan ƙofa tana cankar abin da ake so. Matar Kawu kan yi alfahari da ita gaban baƙi: "Wannan ko wuta ka ce ta shiga, to za ta ce maka." A yi dariya, a sa mata albarka. Tsoro ne zalla, amma kowa ladabi yake gani.

Da wannan to ɗin ta shiga jami'a karatun injiniya, don Kawu ya ce shi ya fi. A aji abin bai cuci kowa ba. Malami ya yi bayani, ta gyaɗa kai, ta koma ɗaki ta yi ta fama da littafi har ta gane. Sannan jami'a ta tura su koyon aiki, ita ta faɗa wata masana'antar da ke markaɗa tsofaffin robobi.

Ɗakin injinan dogo ne, rufin kwano, ga zafi, ƙara kuwa sai ka kai baki kunnen mutum zai ji ka. Aka haɗa ta da babban makaniki, dattijon da kowa ke kira Baba, mai faɗa da wasa a haɗe. "'Yar jami'a, miƙo sifana, ko ba a zo nan ba a karatun?" Tana tsoronsa, tana tsoron injinan, amma abin da ya fi kaɗa mata hanta shi ne ya gaya wa jami'a ba ta gane komai, maganar ta kai kunnen Kawu.

Wata rana da hantsi injin markaɗe ya cije. Wani guntun ƙarfe ya maƙale tsakanin haƙoransa, ya tsaya cak. Baba ya leƙa, ya ɗaga murya: "Je ki akwatin wuta, kashe min na tsakiya!"

"To."

Akwatin yana bayan bango. Ta buɗe. Makunnai huɗu ne a jere, huɗu kuwa ba su da tsakiya. Rubutun jikinsu ya goge. Ta ce a ranta bari ta koma ta tambaya, ƙafafun suka ƙi. Ta zaɓi ɗaya cikin biyun da ke ciki, ta ja shi ƙasa, ta dawo.

"An kashe?" in ji Baba.

"An kashe."

Ba ƙarya ta yi ba, an dai kashe wani abu.

Baba ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya zura hannu cikin bakin injin. Wuyan hannu ya shige. Gwiwar hannu ta shige. Zufa ta karyo wa 'Yar To, ta ɗaga kai neman iska, sai ta ga fankar da ke samansu tana tafiyar hawainiya, tana shirin tsayawa. Ɗazu kuwa gudu take.

Fanka ta kashe.

Baba yana jijjiga ƙarfen, yana cewa ya kusa fita.

"A'a!"

Ita kanta ba ta gane muryar ba. Yarinyar da ba ta taɓa haɗa ido da babba ba ta caƙumi rigar dattijo ta baya, ta fizgo shi da duk ƙarfinta. Suka zube ƙasa tare, guntun ƙarfen yana hannunsa. Haƙoran injin suka juya, ƙarararas, suka ci gaba da taunar roba.

Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya zauna a ƙasa yana jujjuya hannunsa, yana kallon yatsun kamar yau ya fara ganinsu. Can ya ce, "Makunnin ƙarshen ya daɗe da mutuwa, mu ba ma lissafa shi. Ni ne ban gaya miki ba. Amma 'yata, me ya hana ki tambaya?"

Ta miƙe ta kakkaɓe rigarta. Ta koma bakin aiki har aka tashi.

A bakin ƙofa Baba ya tsayar da ita. "Gobe ki zo da wuri."

Kalmar to har ta zo bakinta. Ta haɗiye ta da ƙyar.

"Baba, ƙarfe nawa?"