Takun Inna Dela

A da, idan Inna Dela ta dawo gidanmu na unguwar Nuzla a Jidda, ba sai an leƙa ba. Dim, dim, dim, matakalar bene tana amsawa, mu yara kowa ya ruga ya ɗauki littafi kamar tun ɗazu yake karatu. Mace ce mai jiki, haifaffiyar Jidda, kakanta ya zo Hajji daga Katsina bai koma ba. Yayar mahaifiyata ce, a hannunta na tashi, kuma wallahi har yau ban ji takun da ya kai nata daɗi ba.

Shara take yi a wani ɗakin bincike na jami'a. A ɗakin akwai na'ura bisa tebur, cikinta wani ɗan falle da bai kai ɓawon tafarnuwa kauri ba. Ana harba masa ƙwayoyin da ido ba ya gani, a auna ƙarfin bugun da suka yi masa. Bugun kuwa, kafin ka ƙifta ido an yi dubu. Inna takan ce, "Mutane da hankalinsu, sun zauna suna auna tarin sauro."

To, sai awon ya riƙa lalacewa kullum ƙarfe bakwai na safe, har mako uku. Dakta Shahad, mai kula da na'urar, ta yi sammako ta tsare allon awon. Sai ga Inna da bokitinta. Duk takun da ta yi, layin da ke allon ya yi tsalle.

"Inna, ashe ke ce!" in ji Dakta, tana ta dariya.

Inna ba ta yi dariya ba. Iƙamarta, wato takardar izinin zama, a hannun kamfanin shara take, ƙara ɗaya aka kai, shi ke nan, sai kora. Mu huɗu muke ci a aikin nan.

Washegari ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta shiga da sanɗa, a kan yatsun ƙafa. Da wannan jikin fa! Haka ta yi shekara tara. Sanɗar ta bi ta har gida, benenmu ya yi tsit, sai dai ka waiwaya ka gan ta tsaye a kanka. Gwiwoyinta suka lalace, amma tana alfahari cewa da ƙafarta ta bar aikin, ba wanda ya kore ta.

Bara ta rasu. Dakta Shahad ta zo ta'aziyya, na ba ta labarin sanɗar. Sai matar nan ta dafe baki. Wai wata biyu da gano abin suka ɗora teburin a kan wasu matasai masu iska da ke shanye girgiza, ko raƙumi ya wuce na'urar ba ta ji. Ba wanda ya tuna ya gaya wa mai shara. Raina ya ɓaci ƙwarai, na faɗa mata ido da ido, ban rage komai ba. Ba ta musa ba.

Bayan kwana biyu ta aiko da takarda, awon safiyar nan ne da ya lalace. Tsalle ashirin da uku, da ɗan fili a tsakiya inda Inna ta ajiye bokiti. Na manna ta a jikin bangon matakala. Idan zan hau ina binta da yatsa, ina jin dim, dim, dim.