Sunan da Baba Yake Kiran Inna

Ranar da muka binne Baba ban yi kuka ba. Na dai lura kabarin bai yi wuyar haƙa ba saboda ruwan da aka sha, na kuma lura gero ya fara fid da kai a gonakin bakin maƙabarta. Muka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, na zauna a matsayina na babban ɗa. A ce, "Ya haƙuri?" in ce, "Da godiya." Bakina ne kawai yake aiki.

Baba malamin firamare ne, a ƙauyukanmu na wajen Tsanyawa ya koyar har ya yi ritaya. Allah ya ɗora masa son tsohon Turanci, irin wanda Turawan kansu suka daina yi. Kusan kowa a garin yana da kalmar da Baba ya laƙaba masa. In ya faɗe ta sai ya jero haruffanta ɗaya bayan ɗaya kamar yana gaban allo, amma ma'ana kam, ko za ka yi birgima ba zai gaya maka ba. Mu 'ya'yansa mun haddace haruffan tun muna ƙanana, ba wanda ya taɓa damuwa ya duba.

Mahaucin garinmu ne ya fara tayar da zancen a zaman makoki. Ya gama addu'a, ya share ido ya ce, "Malam ya tafi, yanzu wa zai ƙara kirana rapscallion?" Sai ya juyo gare ni. "Kai da ka yi boko, duba mana a wayarka. Wace sarauta ce ya naɗa ni?"

Na tashi na je ƙarshen katanga, inda sabis yake ɗan kamawa. Na dawo na ce, "Tantiri."

Mahaucin ya bushe da dariya, ya ce wallahi Malam bai yi ƙarya ba. Daga nan kowa ya kawo tasa. Curmudgeon ɗin mai unguwa, ashe masifaffen tsoho ne. Skinflint ɗin mai shago, marowaci. Tawa kuwa slugabed, ragon da rana ke fito masa a kan gado, wannan ban yi musu ba. Dattawa suna dariya suna goge ƙwalla har sai da liman ya yi gyaran murya. Ni dai ina zuwa katanga ina dawowa, ina faɗa musu kamar mai karanta sanarwa. Ban ji daɗi ba, ban ji zafi ba.

Labari ya shiga cikin gida. Bayan sadakar uku, da hantsi, ƙanwata ta zo ta ce Inna tana nemana.

Na same ta a ɗakinta kan tabarma, ta shiga takaba, carbi a hannu. Ba ta kalle ni ba, kuma ba ta kama sunana ba, da yake ni ne ɗan fari. Gidanmu gidan kunya ne. Ita ba ta taɓa faɗin sunan Baba ba, shi ma ban taɓa jin nata a bakinsa ba. Wasu mazan su ce "ke", wasu su ce "uwargida". Baba kuwa in ya shigo daga gona ko daga masallaci, sai ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Lief."

Inna ta ce, "Na ji kana fassara wa mutane zagin babanku. Nawa fa?"

"Inna, a bar shi mana."

"Kai, duba mini."

A nan ne na fara jin wani abu tun rasuwar, kuma tsoro ne. Inna mace ce mai faɗa, kowa ya sani, akuya ma in ta shigo sai ta sha nata rabon. Duk kalmar da na duba zolaya ce, me zai sa tata ta fita daban? Ga matar da ta zauna da mutum tun kafin a haife ni, yau ba ya nan balle ya ce wasa yake yi.

Na fita bayan rumbu na ɗaga wayar sama. Ta daɗe tana juyawa kafin ta buɗe. Na karanta, na sake karantawa, sannan na koma na durƙusa a bakin ƙofa. Ban san yadda ɗa yake faɗa wa uwarsa irin wannan magana ba, sai na kalli ƙasa.

"Abar ƙauna. Masoyiya."

"Kada ka yi mini ƙarya don ka ga ina takaba."

"Wallahi, Inna."

Ta sa aka kira ƙanwata, wadda ta gama sakandare, ta ce ta karanta da kanta. Yarinyar ta karanta, ta rufe fuska da mayafi ta ce haka ne.

Inna ta daina jan carbin. Ina jin ana daka a maƙwabta. Da ta yi magana, muryarta ba ta canja ba, kamar mai tambayar ko an ba kaji dawa.

"Ni na ɗauka irin ta mahauci ce," in ji ta. "Tun ina amarya, duk sanda ya kira ni, sai in ce masa, me kuma na yi?"

Ta ɗan gyara zama ta fuskanci bango.

"Ku sakar mini labulen."