Hannun Ayu

Muna aji huɗu na sakandare a Yelwa aka kawo mana sabuwar malamar bayoloji, siririya mai saurin dariya. Wata rana ta ce kowa ya zo da ƙasusuwan ƙafar gaba ko na fiffiken wata dabba ranar Litinin.

Ni kaza na samu. Da aka gama cin abinci na tsince ƙasusuwan fiffikenta, na wanke, na shanya a kan katanga. Inna ta bar kifin da take banda, ta tsaya tana kallona.

"Ke, mi za ki yi da ƙashi? Boko muka sa ki ko bokanci?"

Ina cikin yi mata bayani kakana na wajen uba ya sa baki. Tsohon masunci ne, a tsibiri aka haife shi tun kafin ruwan Kainji ya cinye garinsu. Ya ce kaza ai kowa zai kai. Ya shiga ɗaki ya daɗe yana laluba, ya fito da wani ƙunshi a tsumma. Hannun ayu ne, in ji shi, wanda mahaifinsa ya kama zamanin da ba a hana farautarsa ba. Ban taɓa ganin ayu ba, na dai san ƙatuwar dabbar ruwa ce mai cin ciyawa, mai shayar da ɗanta nono.

Na miƙa hannu zan karɓa, ya janye. Ya ce shi zai kai da kansa.

Haka aka yi. Ranar Litinin ya sa babbar rigarsa, muka hau kabu-kabu ɗaya, yana rungume da ƙunshin. Malama ta durƙusa ta gaishe shi, ta ba shi kujerarta.

Ta jera abin da muka kawo a kan tebur: na akuya, na kaza, har da jemagen da wata 'yar ajinmu ta tsinta busasshe a rumbunsu. Ta ce kowa ya taɓa hannunsa. Ƙashi ɗaya daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, biyu daga nan zuwa wuyan hannu, sai ƙanana, sai yatsu. Muka duba tebur, sai ga tsarin nan a kowanne. Na akuya wasu sun haɗe, yatsun jemage kuwa sun yi tsawo fata ta lulluɓe su.

Sannan Kaka ya kwance tsummansa. Muka matso kusa. Yatsu biyar ne, gaɓa-gaɓa, kamar na mutum. Na ɗora tafina kusa da su.

"Ai mutum ne tun asali," Kaka ya ce. "Mace ce tana wanka, surukinta ya ɓullo, kunya ta sa ta faɗa ruwa."

Malama ta yi dariya, ta ce zumuntar dai akwai ta, Baba, amma ta fi haka nisa. Masana kimiyya sun ce waɗannan dabbobi duka tsatso ɗaya suka fito, aka yi zamunna masu tsawo hannun yana sauyawa, wani ya dace da tashi, wani gudu, wani iyo. Ta ƙara da cewa cikin dabbobin tudu, giwa na daga cikin mafi kusa da ayu.

"Giwa?" Kaka ya tafa hannu, ya yi ta dariya har hularsa ta karkace. "Allah mai iko! To shi ya sa cin ciyawar nan."

Malama ta roƙi ya bar wa makaranta ƙasusuwan, ya ƙi. Sai dai duk shekara in aka zo darasin, aika masa take yi, ya kai su, har ƙafa ta gaza masa. Da la'asar kuma, a majalisarsu ta bakin kasuwar kifi, na sha ganinsa yana sa tsofaffi su naɗe hannun riga su ƙirga ƙasusuwansu. In ya zo kan maganar giwa, ba ya ambaton Malama ko kaɗan.