Mama Ɗigo da Kwalbar Marini

Kafin mu ɗalibai mu gama kokawa da bargo, Mama Ɗigo ta riga ta buɗe ɗakin gwajin kimistiri na 'yan aji ɗaya. Tagogi take fara buɗewa, don warin jiya ya kama gabansa. Sai ta bi famfunan gas ɗaya bayan ɗaya tana shinshinawa, kamar mai neman inda ɓera ya mutu. Daga nan ta shige ƙuryarta ta haɗa ruwan asid da na soda da za mu yi ɓarna da su, ta fito ta jera kwalabe, kowace a kan farin tayil. In ka shigo da silifas ba za ta ce maka komai ba. Ƙafarka kawai za ta zuba wa ido har sai yatsunka sun ji kunya sun fitar da kai.

A takarda, ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce. Ba ta tsayawa gaban allo, ba ta ba da maki. Amma duk wanda ya shigo sashenmu na injiniyancin halittu, mu masu mafarkin ƙera na'urorin da za su yi aiki da jikin mutum, ta hannunta ya fara bi. Wannan makon ta yi ritaya, ni kuwa bakina ba ya iya riƙe magana.

Sunan ya samo asali ne daga gwajin farko da ake ba kowa. Asid a kwalba, ruwan soda a dogon bututun gilashi mai ɗan famfo a ƙasa. Kana sakin sodar a hankali har ta kashe kaifin asid ɗin. Ta yaya za ka san ta kashe? Ana ɗiga wani magani a kwalbar, Mama tana kiransa Mai Gulma, don da zarar asid ya ƙare sai ya tona asiri: ruwan ya ɗauki launin hoda, ɗan kaɗan, kamar yana jin kunya. Nan ake tsayawa. Ka ƙara ko kaɗan, lissafinka ya tafi yawo. Shi ya sa take zagaya mu tana cewa, "Ɗigo, ɗigo! Ba wanka za ku yi masa ba."

To, ina da abokin ɗaki, mutum mai ƙwaƙwalwa kamar ya haɗiye littafi. A lissafi shi ke cetonmu. Amma da ya kama ɗan famfon nan, sai kwalbarsa ta yi jawur, kamar za a rina zane a ciki. Shi ya sa muka raɗa masa Marini.

"Marini, nawa kake rina shadda?"

"Ku bar ni. Famfona ne ke yoyo."

Aka canza masa bututu. Rini dai. Aka canza masa wuri. Rini ya ƙara kyau.

Dariyar ta fara yin ɗaci da jarrabawar gwaji ta matso, don dokar sashe ita ce wanda ya faɗi gwaji ba zai wuce aji biyu ba, sai dai ya nemi wani sashen. Marini kuwa ba yawon shan iska ya kawo shi ba. Ƙanwarsa da ƙafar roba take tafiya, ƙafar kuma tana goge mata fata har ta yi ciwo. Ya yi mata alkawarin shi zai ƙera mata wadda ba ta cizo. Mutumin ya daina cin abinci sosai, ya koma zancen wai ko hannunsa ne ke da matsala.

Kowa kwalbar Marini yake kallo. Mama Ɗigo idonsa take kallo. Daga baya ta ce abin da ya tsaya mata a rai shi ne, yaron nan hannunsa ba ya rawa, ba ya gaggawa, amma rabin hankalinsa yana kan hannun maƙwabcinsa. In na kusa ya tsaya, sai shi ma ya yi shirin tsayawa. In babu kowa kusa, sai ya yi ta zubawa. Me yake nema a hannun wani da babu shi a kwalbarsa?

Rannan da aka tashi ta ce wa Marini, "Kai, ɗana, zo ka taya ni."

Marini da bakinsa ya ba ni labarin. Ta ajiye kwalabe biyu a kan tayil, ta juya baya tana wanke hannu.

"Miƙo min mai ruwan famfon."

Ya duba wannan, ya duba waccan. "Mama, ai duk ruwa ne."

"Duk biyun?"

"Duk biyun. Sai dai wannan kamar ba a wanke ta da kyau ba."

"Ni ce ban wanke kwalba da kyau ba?"

"A'a, Mama, ba haka nake nufi ba!"

Ta yi dariya har da riƙe tebur, sannan ta jawo masa kujera. "Zauna. Wannan da ka ce tana da datti, ita ce launin hodar da kowa ke tsayawa a kai. Hannunka lafiya lau. Idonka ne ba ya ganin gulmar sai ta zama ihu."

Ashe yana cikin mutanen da idonsu ba ya rarrabe wasu launuka, ja-ja da kore-kore. Shi kansa bai sani ba. Ya ce tun yana yaro yayyensa ke yi masa tsiya wai bai iya zaɓen tumatir ba, shi kuma ya ɗauka sharri ne irin na 'yan uwa.

Mama ba ta tsaya a "Allah sarki" ba. Ta hau kujera ta sauko da wata 'yar kwalba daga can saman kanta, wata Mai Gulmar daban, wadda ita shuɗi take yi in asid ya ƙare. Ta tafi da ita wurin Dokta, malamin da ke kula da gwajin.

"Ranka ya daɗe, ina roƙon a bar yaron nan ya yi jarrabawa da wannan."

"In ta ba da amsa daidai da waccan, me zai hana? Zo mu gani."

Dokta ya naɗe hannun riga, suka gwada tare, amsa ta zo ɗaya. Ya ce a ba shi, kuma a tura shi asibitin makaranta a duba idon.

Ranar jarrabawa ina tebur na bayansa. Ɗigo. Ɗigo. Sai na ji ya ce da ƙarfi, "Kai! Ashe haka abin yake?" Mai gadin jarrabawa ya ce ya rufe baki. Ya rufe, amma haƙoransa sun ƙi komawa ciki. Ya ci. Da muka shiga zangon sinadaran jiki, inda aka sa mu tofa yawu a sitaci muna kallon shuɗin aidin yana ɓacewa, shi ya zama sarkin aji. Ni kuwa yawuna ma sai da ya yi latti.

Tun daga shekarar, duk sababbin ɗalibai sai Mama ta kira su ƙuryarta ɗaya-ɗaya, wai su miƙo mata ruwan famfo. Ta ce kusan kowace shekara sai ta samu wani Marinin, kuma ba wanda ya sani sai ita da shi da Dokta.

Mama, ke ce wadda kika ga abin dariya kika ce bari dai in duba. Ke ce kika tambayi kwalba me ya sa, lokacin da mu muke tambayar kuɗin rini. Uwar 'yan aji ɗaya, mai ido a kan idon wasu. Yanzu Marini yana ajin ƙarshe, aikinsa na kammalawa kuwa kan mazaunin ƙafar roba ne, wato inda dungun ƙafa ke shiga, kuma ƙanwarsa ce ke gwada masa tana kushewa.

Jiya a walimar sallamarki ya zo da sabuwar riga, launin hoda sak. Kika kalle shi sama da ƙasa.

"Ɗana, wa ya zaɓa maka rigar nan?"

"Ni da kaina, Mama. Ruwan toka, kalar manya."

Kika kalle ni. Na kalli silin, don tare muka je kasuwar.

"Ta yi maka kyau," kika ce. "Yau dai ka tsaya daidai inda ake tsayawa."

Mun gode, Mama Ɗigo. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi, Ya sa jikoki su shigo miki da silifas su fita lafiya. Ku kuma da kuke tare da masu koyo, a aji ne ko a gareji ko a shagon ɗinki, in kun ga mutum yana maimaita kuskure iri ɗaya, ku ɗan dakata da dariyar, ku duba me yake gani. 'Yar kwalbar shuɗin tana nan, Mama ta sauko da ita ta ajiye a kan kanta na ƙasa kafin ta tafi, inda hannun kowa zai kai.