Soson Ƙarfen Dorkas da Gishirin Titi

Duk wanda ya san Dorkas, wadda matan coci ke kira Maman Katung, ya san datti bai taɓa kwana a gabanta ba. A Kafanchan aka haife ta, bayan tashar jirgin ƙasa, inda uwarta ke sayar wa matafiya shinkafa da wake. Tun tana 'yar shekara bakwai aikinta ke nan, ta tsuguna gaban tukwanen alminiyom da toka da soson ƙarfe, ta yi ta dirza har sai ta hango haƙoranta a gindin tukunya. Wasu sun taso da boko, wasu da kyau, ita da damtse ta taso. Ta yi aure, ta haifi Katung, mijin ya rasu, cacar biza ta faɗo kanta, sai ga ta a Landover ta ƙasar Amurka da akwati biyu. Jami'in filin jirgi da ya buɗe ɗayan ya tarar da soson ƙarfe dozin uku. Ya tambaye ta ko na sayarwa ne. Ta ce a'a, ba ta dai san halin tukwanen ƙasarsu ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan tana kula da tsofaffi a gidajensu. Biyun ƙarshe duk a wajen Baba Dabo ta yi su, wani tsohon direban tirela da 'yarsa Glory ta ɗauko daga Jos zuwa Woodbridge bayan ƙodarsa ta gaza. Litinin, Laraba da Juma'a, ƙarfe tara na safe, dole ya kasance a kan kujerar wankin ƙoda. Dorkas ce ke tasowa daga Landover, ta haye gada, ta bi cunkoson babban titi, ta shirya shi, ta kai shi. Tsohon ba ya cin tuwon kowa sai nata, ita ma a duk gidajen da ta yi aiki nan ne kawai ake mata tsiya da Hausa.

Motarta ta hannu ce, ruwan toka, ba wani abin a zo a gani ba, in ban da rim ɗinta, wato ƙarafan da ake ɗaura wa taya, guda huɗu na alminiyom masu yatsu biyar-biyar. Ai kuwa Dorkas na ganinsu ta ga tukwanen uwarta. Kowace Asabar maƙwabta su kai motocinsu injin wanki, ita ta fito da bokiti, wai inji bai san lungu ba. Ta zauna a kan 'yar kujera ta dirje rim ɗin nan da soson ƙarfe har su riƙa kashe ido. A harabar coci matan zumunta suka yi ta yabo, ita kuma ta riƙa raba musu soso kamar tana raba alewa.

Sai sanyi ya shigo. Wanda bai zauna a nan ba bai san cewa a ƙasar nan titi ya fi miya samun gishiri ba. Kafin dusar ƙanƙara ta sauko, manyan motoci su bi su zana fararen layuka na ruwan gishiri a kan kwalta, in ta sauko kuma su watsa na tsakuwa. Tun daga Disamba tayar Dorkas ta gaba ta dama ta koyi sabon hali: da yamma lafiya lau, da safe ta kwanta kamar an mata rasuwa. Dorkas ta ce ƙusa ce, aka duba babu ƙusa. Ta sayi sabuwar taya, sabuwar ma ta kwanta. Ta fara yi wa maƙwabcinta na ƙasa wani irin kallo, bawan Allahn da ko sunanta bai sani ba.

Sau biyu tana makara saboda neman iska a gidan mai. A na biyun an rage wa Baba Dabo awa guda a kan injin wankin ƙoda, ya kwana biyu ƙafafunsa a kumbure. Glory ta tare ta a bakin ƙofa.

"Anti Dorkas, kin san ba na son faɗin wannan. Baba ba zai yafe mini ba, amma in aka sake, zan ce kamfanin da ya turo ki su turo wata. Ba zan yi wasa da kujerar nan ba."

Dorkas ba ta yi musu ba, don ta ga ƙafafun da idonta. Ranar Asabar, maimakon bokiti, ta nufi shagon Abdul-Gafaru mai faci, mutumin Zangon Kumasi, wanda ya shekara ashirin yana cire tayoyin Landover yana kuma faɗa wa masu su abin da ba su tambaye shi ba.

"Maame Dorkas! Yau mota ce ba lafiya, ko kin zo duba ko na share shago?"

"Shagonka sai addu'a, Malam Gafaru. Taya ce. Wani ke sace mini iska."

"Ɓarawon iska? To bari mu kama shi."

Ya kwance ƙafar motar ya tsoma ta cikin baho na ruwa. Ba a jima ba ƙananan kumfa suka fara tasowa a jere, ba daga jikin roba ba, daga bakin rim inda ya haɗu da taya. Ya ɗora a inji ya raba su, ya juyo mata da bakin rim ɗin. Wani farin gari ne ya bi shi zagaye, ƙarƙashinsa duk ƙananan ramuka.

Dorkas ta sa yatsa ta shafa. Ba ta buƙaci bayani ba. Ta san wannan farin, ta san ramukan nan, ta ma sha duka a kansu ranar da ta bar ruwan gishiri ya kwana a sabuwar tukunyar uwarta.

"Gishiri ne ya ci shi," in ji ta. "Amma ai kowa gishirin nan yake takawa. Me ya sa sai nawa?"

"Yawwa, tambayar ke nan. Masu ƙera shi suna shafa masa wani fenti mai kamar ruwa, ba a ganinsa, shi ke tare gishiri. Naki babu ko ɗigo, an kankare shi tas. Wannan ba aikin titi ba ne, aikin mai ƙwazo ne. Maame, da me kike wanke shi?"

Dorkas ta kawar da kai. Ta kalli rufi, ta kalli bahon.

"Soso," ta ce.

"Wane iri?"

"Kai alƙali ne? Faɗa mini magani."

Gafaru ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce zai iya goge bakin ya shafa gam, wataƙila ya riƙe zuwa Fabrairu, wataƙila zuwa Laraba, sauran ukun kuma suna kan hanya. Ko kuma wannan. Ya shiga ciki ya gangaro da wani baƙin rim na ƙarfe, mai huji-huji, ba kyau ba fasali.

"Yesu! Wannan ai murhun gasa masara ne!"

"Shi ne. Gwaggota a Kumasi a kan irinsa take gasa ayaba. Ba zan yi miki ƙarya ba, shi ma yana tsatsa, amma ja ce, za ki gan ta tun da wuri. In kin taka gishiri ki watsa masa ruwa, ruwa zalla na ce. In kin faɗa rami ya lanƙwashe, guduma ce maganinsa, wancan kuwa tsagewa yake yi. In kunya kike ji, akwai murfin roba mai ƙyalli."

Dorkas ta tuna harabar coci, ta tuna ƙafafun Baba Dabo. Tunanin bai ɗauki minti guda ba.

"Sa huɗun. Murfin kuma ka ajiye wa mai jin kunya."

Ranar Lahadi a harabar coci, ko injin mota ba ta kashe ba, Becky, ma'ajin zumunta, ta ƙwala mata kira daga nesa.

"Maman Katung! Ina masarar? A ba ni biyu, masu taushi!"

Mata suka fashe. Dorkas ta fito, ta gyara ɗankwali, ta zagaya motar Becky a natse, ta duƙa ta shafa bakin rim ɗin baya, ta nuna mata farin gari a yatsa.

"Ki yi dariyarki da kyau, 'yar'uwa, tun da sauran iska. Soson nan da na raba muku, ku mayar da shi kicin, ni na ɓatar da ku. Shagon Gafaru ƙarfe takwas yake buɗewa."

Litinin ta waye da sanyin da ke sa hanci ciwo, titi fari fat da gishiri. Dorkas ta fito ta bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya da shuri. Huɗun suka amsa mata da tauri. Takwas da minti goma tana ƙofar gidan Glory. Da ta fito da Baba Dabo, rungume da bargo, sai ya tsaya, ya ƙwanƙwasa baƙin rim ɗin da sandarsa, ya saurari ƙarar.

"Dorkas, sai yau kika sayi mota. Da can kayan ɗakin amarya kike ja."

"Shiga, Baba, kafin in bar ka a nan ka yi ta hira da ƙarfe."

Tara saura minti goma yana kan kujerarsa. Laraba haka, Juma'a haka, har sanyi ya wuce, Glory kuma ba ta sake tayar da maganar kamfani ba. Har yanzu Dorkas ce ke kai shi. Akwai wani ɗan jan tabo da ya fito a rim ɗin baya na hagu, kowace Asabar in ta watsa masa ruwa sai ta tsaya tana hararar sa, hannuwanta biyu cikin aljihun rigar sanyi.