Shafukan da Auta Bai Karanta Ba

Shekara talatin da barinsa aikin soja, amma har yau Kofur ake ce masa, har matarsa ma in ta so tsokana. Bai taɓa harbin kowa ba. Aikinsa a fagen fama shi ne ɗaukar waɗanda suka faɗi, shi da wani dogo, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa. Da ya dawo sai ya koyi ɗinkin littattafai, ya kama wani ɗan shago a bayan makarantar sakandare: tebur ɗaya, allura da zare, kwalbar gam, da bulo biyu na danne aiki.

Duk shekara makarantar kan turo masa tsofaffin littattafai a kwali, kuma ba a rasa wani littafin labarin yaƙi a ciki, na wani saurayin soja da cikinsa ya ɗuri ruwa kafin daga baya ya zama namiji. Kofur bai taɓa karanta shi har ƙarshe ba, kuma ya gaji da ganinsa. Amma mai ɗinki ya san inda ake karantawa ko bai karanta ba. In ka dubi gefen littafi, inda hannu ya yawaita yakan yi baƙi. Wannan kuwa kullum ƙarshensa ne baƙi, inda ake jarumta. Tsakiyarsa, inda yaron ke makyarkyata a cikin rami, fes take.

Wata ranar Laraba da hantsi autansa ya shigo shagon. Shekararsa ashirin, ya gama makaranta, shekara biyu yana yawon neman aiki har takalminsa ya buɗe baki. Ya ajiye takardar shiga soja a kan tebur. Sa hannun uba kaɗai ya rage, kuma jibi za a rufe karɓa.

Kofur bai ko dubi takardar ba. Ya miƙa hannu ya ɗauko irin wancan littafin yaƙin, na Auta, wanda ya bar masa tun makon jiya don bango ya rabu. Ya juya masa gefen.

"Dubi nan. Ƙarshen ka cinye shi da hannu, tsakiyar ko taɓawa ba ka yi ba. Ka karanta inda ake tafi, ka tsallake inda ake kuka, sannan ka kawo min takarda."

Auta ya shiga murza busasshen gam a bakin tebur.

"Baba, ba tsallakewa na yi don ban sani ba," in ji shi a hankali. "Tun ina ƙarami in tayar mota ta fashe, a ƙarƙashin teburin nan nake samunka. Mama ce ke cewa mu yi kamar ba mu gani ba. Me littafi zai ƙara min?"

Kunya ta kama Kofur, irin wadda ba ta da wurin ɓuya. Shekara da shekaru yana zaton ya rufe abinsa, ashe gidan ne ke rufa masa. Ya so ya yi faɗa, ya ga ba shi da ƙarfinsa. Yaron ya san abin, kuma duk da haka zai tafi, to da me kuma za a tsoratar da shi?

Ya goge hannu a jikin riga, ya karɓi biro, ya sa hannu a inda aka nuna masa. Auta ya ninke takardar zai fita.

"Tsaya," in ji Kofur. "In sun ba ka takalmi, ka rubuta sunanka a ciki. Duka ƙafa biyun."

"Don kada a sace?"

Kofur ya tuna gawarwakin da ya ɗauka a fagen fama, waɗanda sai a cikin takalmi aka samo sunansu.

"E," ya ce. "Don kada a sace."